Shin wahalar ƙuruciya tana shiga jinin yaro? Amsa ga wata gwaggo mai riƙon maraya

Tambaya: Likita, ina riƙon ɗan ƙanena, shekararsa huɗu da rabi. Yana da shekara uku 'yan bindiga suka shiga ƙauyensu a Zamfara suka kashe ubansa, uwarsa kuma ta rasu bayan wata biyar a inda suka yi gudun hijira. Shekara guda ke nan yana hannuna. Har yau in ya ji ƙarar babur sai ya shige ƙarƙashin gado, yana ɓoye abinci a aljihu, yana fitsarin kwance. Ɗiyata mai karatun jinya ta ce an gano cewa wahala tana canza ƙwayoyin gadon yaro, har ya gadar wa 'ya'yansa. Gaskiya ne? Yaron nan ya lalace ke nan?

Amsa: Hajiya, Allah ya jiƙan ƙanenki da matarsa, ke kuma ya ba ki ladan riƙo. Ɗiyarki ba ƙarya ta yi ba, sai dai rabin maganar ta kawo miki, rabin da ya fi miki amfani kuwa ta baro shi a aji. Wahala ba ta goge ƙwayar gado, ba ta sake rubuta ta. Abin da take taɓawa shi ne yadda jiki ke karanta ta.

Kin san rubutun ajami. A rubuta kaf da ra da alif. In aka sa wa kaf wasali bisa, kara za ki karanta. In aka sa masa wasali ƙasa, ya koma kira. Baƙaƙen suna nan yadda suke, wasali ne ya juya karatun. To, cikin kowace ƙwayar halitta ta jikin yaron nan akwai wani dogon zare da ake ce wa DNA, wanda aka rubuta da baƙaƙe huɗu kacal, A da C da G da T, jimillarsu kusan biliyan 3, kuma a cikinsa akwai ƙwayoyin gado wajen 20,000. Littafin da ke hantarsa shi ne a ƙwaƙwalwarsa, shi ne a fatarsa. Abin da ya sa hanta ta zama hanta shi ne shafukan da aka buɗe mata da waɗanda aka rufe. Ilimin wannan buɗewa da rufewa shi ake kira efijenetik.

Wasalin da aka fi sani wani ɗan mitsitsin sinadari ne mai suna metil. Yana manne wa baƙin C a inda G ke biye da shi, kuma irin waɗannan gurabe sun kai miliyan 28 a jikin zaren. In metil ya taru a bakin ƙofar wata ƙwayar gado, galibi sai muryarta ta yi ƙasa. Akwai kuma naɗi. Zaren da ke cikin ƙwayar halitta ɗaya in aka miƙe shi ya kusa mita biyu, don haka a naɗe yake a jikin wasu sunadarai da ake kira histon, kamar zare a mazari. Inda naɗin ya yi tsauri ba a iya karantawa, inda ya yi sako-sako ana iyawa. Waɗannan alamomi ba cuta ba ne. Kowa da su yake rayuwa, kuma suna sauyawa da shekaru, da abinci, da taba, da rashin lafiya.

Yanzu mu koma ƙarƙashin gadonki. Lokacin da babur ya wuce, ƙwaƙwalwar yaron tana aika saƙo zuwa wasu 'yan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda, su kuma su saki sinadaran shirin gudu. Ɗaya daga cikinsu kotisol ne. Yana tura sukari cikin jini, yana dakatar da abin da ba na gaggawa ba, kamar narkar da abinci da girma. Amfani ne da shi, don ba don shi ba da ba wanda zai tsira daga hari. Amma dole a samu mai kashe shi in haɗari ya wuce. A wani sashe na ƙwaƙwalwa da ake kira hifokamfus akwai wasu masu tarbar kotisol, da zarar sun ji ya yi yawa sai su ce a tsaya haka. Su ne birkin. Ƙwayar gadon da ke ƙera su sunanta NR3C1, kuma a kanta aka yi binciken da ya sa ake koya wa ɗiyarki wannan darasi.

A Jami'ar McGill da ke Montiriyal ta Kanada, Michael Meaney ya daɗe yana lura da cewa iyayen ɓeraye iri biyu ne. Wata uwa ba ta gajiya da lasar 'ya'yanta da gyara musu gashi a makon farko, wata kuwa sama-sama take yi. 'Ya'yan mai lasa in sun girma ba su cika firgita ba, kotisol ɗinsu yana hawa ya sauka da wuri. 'Ya'yan ɗayar kuwa matsorata ne. Kowa zai ce ai gado ne, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sai suka yi musanye: aka ɗauki jinjirin uwa mai sakaci, sa'o'i kaɗan bayan haihuwa, aka ba mai lasa, aka kuma yi akasin haka. Jinjirin ya tashi da halin wadda ta rene shi, ba wadda ta haife shi ba. A 2004, shi da Moshe Szyf da Ian Weaver suka nuna dalili. A ƙwaƙwalwar ɓeran da bai samu lasa ba, metil ya taru a ƙofar waccan ƙwayar gado, masu tarbar kotisol suka yi kaɗan, birki ya yi rauni. Abin da na fi so a wannan aiki, wanda kuma ba a cika faɗa ba, shi ne mataki na ƙarshe. Sun zuba wa manyan ɓerayen wani magani a ƙwaƙwalwa wanda ke sassauta naɗin zaren, sai alamar ta kau, halin ma ya sauya. Ba maganin da za a ba mutum ba ne, kar ma wani ya je nema. Amma ya nuna cewa da tawada aka yi wasalin, irin wadda ake wankewa daga allo.

Mutum fa? A nan dole in rage gudu, don ba a buɗe kan yaro mai rai a duba hifokamfus. A 2009 rukunin nan na McGill, da Patrick McGowan, suka duba ƙwaƙwalen mamata 36: goma sha biyu da suka kashe kansu kuma aka san an gallaza musu suna yara, goma sha biyu da suka kashe kansu ba tare da wannan tarihi ba, da goma sha biyu da suka mutu ta wata hanya. Rukunin farko ne kaɗai aka samu da irin alamar ɓerayen. A 2012 Connie Mulligan ta bincika mata 25 da jariransu a garin Goma na gabashin Kwango, inda yaƙi ya daɗe, ta ga cewa yawan abin da uwa ta gani na tashin hankali tana da ciki ya tafi tare da yawan metil a ƙwayar gadon nan ta NR3C1 a jinin cibiyar jaririn. A 2013 kuma Torsten Klengel da Elisabeth Binder na cibiyar Max Planck a Munik ta Jamus suka yi aiki kan wata ƙwayar, FKBP5, wadda ita ma a tsarin birkin take. Suka tarar wahalar ƙuruciya tana cire mata metil, amma a jikin masu ɗauke da wani nau'i nata kawai. Wannan yana taimaka mana mu gane abin da kowace uwa ta sani, cewa yara biyu za su ga abu ɗaya, ɗaya ya warware cikin wata uku, ɗaya ya shekara yana mafarki.

Kin lura da ƙanƙantar adadin? Mutum 36, mata 25. Shi ya sa nake ƙin yadda ake baza wannan magana a Facebook kamar an gama shari'a. Da aka zo yin aikin da yawa, labarin ya yi sanyi. A Ingila da Wales akwai tagwaye 2,232 da aka haifa a 1994 da 1995, ana bin rayuwarsu tun suna ƙanana, an san wanda aka daka, wanda aka ci zalinsa. Da suka kai shekara 18 aka duba jininsu. Sakamakon da ya fito a 2018 ya nuna alamomin da aka samu 'yan kaɗan ne, kuma da yawansu na taba sigari ne, don yaran da suka sha wuya sun fi kama shan taba. Da aka cire tasirin taba, abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Wani aikin kuma a kan yaran yankin Bristol na Ingila, wanda Erin Dunn ta jagoranta ya fito a 2019, ya nuna cewa lokacin da wahalar ta faɗo ya fi yawanta tasiri, kuma shekaru ukun farko su ne suka fi barin tabo.

Bari in nuna miki yadda ake gwajin, don ki san nauyin da za ki ba shi. Yaro ya tofa yawu a 'yar kwalba, ko a ɗebi jini. A tace zaren, a jiƙa shi da wani sinadari da ke sauya duk C ɗin da ba shi da metil ya bar mai metil yadda yake. A ɗiga a kan wani ɗan gilashi mai duba gurabe fiye da 850,000, wato ko kashi huɗu cikin ɗari na miliyan 28 ɗin nan bai kai ba. Abin da ke fitowa a kwamfuta lambobi ne, kuma bambancin da ake samu tsakanin yaran da suka wahala da waɗanda ba su wahala ba sau da yawa kashi ɗaya ne ko biyu cikin ɗari, shi ma sai an haɗa ɗaruruwan yara an ɗauki matsakaici. Ga shi kuma jini ba ƙwaƙwalwa ba ne. Saboda haka babu wani gwaji a duniya yau da za a yi wa ɗan ƙanenki a ce ga girman ɓarnar da aka yi masa. Duk wanda ya ce ki kawo kuɗi ya yi masa, damfara ce.

Inda hujja ta fi ƙarfi a mutane shi ne wajen yunwa, musamman a farkon ciki. A hunturun 1944 zuwa 1945 sojojin Jamus sun toshe hanyar abinci zuwa yammacin Holan, mutane wajen 20,000 suka mutu. Shekara sittin bayan haka, a 2008, Bastiaan Heijmans da abokan aikinsa suka duba waɗanda aka ɗauki cikinsu a lokacin, suka gwada su da 'yan'uwansu uwa ɗaya uba ɗaya. Metil ɗin wata ƙwayar girma mai suna IGF2 ya yi ƙasa a jikinsu. Shekara sittin alamar tana nan. Wanda ya fi kusa da mu kuwa a Gambiya aka yi shi, a ƙauyukan da ke kewayen Keneba, inda kamar a ƙasar Hausa damina ita ce lokacin da rumbu ke yin ƙasa aiki kuma ya yi yawa. An ga cewa yaran da aka ɗauki cikinsu da damina alamominsu sun bambanta da na 'yan rani a wasu ƙwayoyin gado. Abin mamaki, 'yan damina ne suka fi yawan metil, kuma an danganta hakan da irin sinadaran da ke jinin uwa a lokacin, ba yawan tuwon da ta ci kawai ba. Na kawo wannan ne don ki ga cewa lissafin ba shi ne wahala da yawa, metil da yawa ba. Wani wuri ya ƙaru, wani wuri ya ragu.

Batun gadar wa 'ya'ya, wanda na san shi ya fi hana ki barci. Rachel Yehuda a Niyok ta duba Yahudawa 32 da suka tsira daga kisan kiyashin 'yan Nazi da 'ya'yansu 22, ta ga bambanci a FKBP5, jaridu suka ɗauka cewa tsoro yana bin jini. Amma 'ya'yan nan a gidan iyayen suka tashi, suna jin labarin, suna ganin firgitar, don haka ba a iya raba jini da reno. Kuma jikin ɗan Adam yana da nasa wankin allo: ana goge mafi yawan waɗannan alamomi sau biyu, lokacin da ake ƙera ƙwayoyin haihuwa, da kuma kwanakin farko bayan shigar ciki. A tsirrai da wasu tsutsotsi an tabbatar alama tana ƙetarewa zuwa jikoki. A mutum ba a tabbatar ba. Hanyar da muka tabbata wahala ke bi daga uba zuwa ɗa ita ce ta ɓerayen Meaney, wato wanda aka rena da duka da tsawa ya rena nasa haka. Wannan hanya kuwa ke ce kike tsaye a kanta yanzu.

Ga dalilin da ya sa ban yarda ya lalace ba. A Romaniya, bayan faɗuwar shugaban ƙasar, Ceaușescu, a Disambar 1989, an tarar da yara fiye da 100,000 a gidajen marayu na gwamnati, ana ba su abinci amma ba mai ɗaukarsu, ba mai yi musu magana. A shekarar 2000 Charles Nelson da Nathan Fox da Charles Zeanah suka fara wani aiki a Bukares, babban birnin ƙasar, da yara 136. Aka yi ƙuri'a, rabi aka kai su gidajen riƙo, rabi suka ci gaba da zama inda suke. Waɗanda suka samu gida sun fi a basira, a magana, a shaƙuwa. Da suka kai shekara 12 aka gwada kotisol ɗinsu a lokacin matsi. Na waɗanda aka bari a gidan marayu ya dakushe, ba ya ma tashi yadda ya kamata, na waɗanda aka ba riƙo kafin shekara biyu kuwa ya yi kama da na sauran yaran gari. Wannan ya nuna tabon fuska biyu gare shi. Wani yaro ya zama mai zabura, kamar naki, wani ya zama shiru-shiru kamar ba ya jin komai, kuma na biyun ne aka fi mantawa da shi don ba ya damun kowa.

Za ki ce naki ya wuce shekara biyu. Abu biyu. Na farko, shi ba kamar yaran Bukares ba ne. Ya sha nono, an goya shi, ya yi shekara uku a bayan uwa da cinyar uba kafin abin ya faru. Waɗancan shekarun da aka ce sun fi barin alama, shi alamar ƙauna suka bar masa. Na biyu, ƙofar ba ta rufewa gaba ɗaya. Michael Rutter ya bi yaran Romaniya da iyalai a Ingila suka ɗauka. Waɗanda suka daɗe a gidan marayu da yawansu sun ci gaba da fama da matsalar natsuwa da mu'amala, ba zan ɓoye miki ba, amma raunin basirar da suka zo da shi ya warware kafin su zama manya. Megan Gunnar ta Jami'ar Minnesota kuma ta nuna a 2019 cewa irin waɗannan yara, in suna gida mai kwanciyar hankali, tsarin kotisol ɗinsu yana sake daidaita kansa a lokacin balaga.

To me za ki yi? Ki fara da asibiti, don a auna nauyinsa da tsawonsa, a duba ƙarancin jini da tsutsar ciki da fitsarinsa. Yaron da ya yi wata biyar a gudun hijira yana iya ɗauke da tamowa wadda ba ta fito fili ba, kuma ƙarancin jini kaɗai yana sa yaro ƙunci da rashin kuzari. Fitsarin kwance kafin shekara biyar ba ma lissafa shi a cuta ko ga yaron da bai ga komai ba. Kar a dake shi a kai, kar a tara yara su yi masa waƙa.

Ɓoye abinci kuma, na taɓa ganin wata yarinya irinsa da aka kawo mini. Tun da suka shigo har suka fita hannunta na hagu a dunƙule yake. Da na lallaɓa ta buɗe, guntun ƙuli-ƙuli ne ya jiƙe da gumi. Kakarta ta ce ko barci da shi take yi. Ba mu ƙwace ba. Muka ce a ba ta ɗan kwano mai murfi, nata ita kaɗai, a riƙa sa mata wani abu a ciki, a ajiye inda hannunta zai kai, kuma kar kowa ya taɓa. Ki yi masa haka. Yaro yana daina ɓoyo ne ran da ya gaji da buɗe kwano yana tarar da abu a ciki.

Babur kuwa, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma shi a kan babura macijin ya zo masa. In ya shige ƙarƙashin gado kar a jawo shi da ƙarfi, kar a ce masa rago. Ki zauna a ƙasa kusa da gadon, ki ce babur ɗin mai kai yara makaranta ne, ina nan. In ya fito ki rungume shi har numfashinsa ya sauka. Birkin da jikinsa bai gama ƙerawa ba, naki yake ara, kuma da yawan aron ne nasa ke ƙarfi. Daga baya, ran da yake cikin nishaɗi, a nuna masa babur a kashe, ya taɓa, ya hau in ya so, ba tilas.

Abin da na fi roƙonki shi ne ya zauna wuri ɗaya. Na san al'adarmu, dangi kowa yana son ladan maraya, sai a ce ya yi wata shida nan, ya yi shekara can. Ga yaron da ya rasa mutum biyu cikin wata biyar, kowane sauyin hannu wata rasuwa ce. Masu son lada su kawo hatsi da kuɗin makaranta, su zo su gan shi a gidanki. Haka nan in an tashi sa shi karatun allo, a sa shi inda zai dawo ya kwana a ɗakinki. Addu'a da tofi a hankali suna kwantar masa da rai, amma in wani ya ce aljanu ne, za a rufe shi a ɗaki da hayaƙi ana daka masa tsawa, ki hana. Abin da ya gudo daga gare shi ke nan.

Ki kuma yi wasa da shi, da gaske nake. A Kingston ta Jamaika, a 1986 da 1987, Sally Grantham-McGregor ta ɗauki yara 129 da rashin abinci ya tsumburar. Wasu daga cikinsu ma'aikaciyar lafiya ta riƙa zuwa gidansu sau ɗaya a mako har shekara biyu, tana koya wa uwa wasa da hira da ɗanta, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara ashirin, waɗanda aka yi wa haka suna samun kuɗin shiga da ya fi na sauran da kusan kashi 25 cikin ɗari. Gwangwanin madara da murafun kwalba da tatsuniya bayan sallar isha sun isa.

Ki dawo da shi wurin likita da wuri in kin ga ya daina maganar da ya iya, ko yana ramewa, ko yana suma ko sandarewa, ko yana cutar da kansa, ko kuma yana bin duk baƙon da ya miƙo masa hannu ba tare da ya waiwayo ki ba. Haka nan in ya shiga makaranta firgitar ta hana shi zama a aji, a nemi likitan ƙwaƙwalwa na yara, akwai magani ta hanyar hira da wasa da ake yi wa irinsu tare da mai riƙonsu. Ke ma in barci ya ƙaurace miki ko kuka ya yi yawa, ki faɗa a wannan zuwan, ƙanenki ne aka kashe.